Lomar Baba Seidu

Jiya ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, ta leƙa jakata ta ga gwangwanin madara cike da wake, da buta, da cokalin da na naɗe wa mariƙi da robar tayar keke, sai ta juya ta ce wa ƙawarta, "Ashe wasan yara aka turo mu koya." Ta zaci ban ji ba. Na ji sarai. Idona ne ya tsufa, kunnena ƙalau yake. Shi ya sa yau na ce kowa ya kife wayarsa a kan benci ya ba ni hankalinsa. Kai ma na can baya, ina ganinka, kife ta.

Shekara talatin da 'yan kai ina wannan aiki, har yau mutanen zango a nan Kumasi 'yar fisiyo suke ce mini, na gaji da gyara musu. Masu fisiyo su ne suke tayar da mutum ya tsaya da ƙafarsa ya taka. Mu namu aikin daga nan yake farawa. Ya tsaya, to sai me? Zai iya ɗaure tazugensa? Zai iya karkata buta ya yi alwala bai jiƙe rigarsa sharkaf ba? Matar da mai ya ƙona wa yatsu za ta koma bakin kaskonta na ƙosai? Abin da kowa yake yi bai ma san yana yi ba, shi muke koya wa manya tun daga farko, su kuma suna jin haushinmu don mun ga gazawarsu.

Waken nan da kuke wa dariya, da shi nake gane ko babban yatsa da manuni sun fara haɗuwa. Wanda ya iya tsintar wake, mako mai zuwa in zuba masa shinkafa. Butar nan nauyi uku gare ta, babu ruwa, rabi, cike, kuma ba a tsallake ɗaya. Cokalin na masu ciwon gaɓoɓi ne, waɗanda yatsunsu ba sa rufuwa a kan siririn abu. Akwai na kanti mai kyau da ake kawowa daga waje, sai ka yi wata shida kana jira bai iso ba. Ni wani mai facin taya a kasuwar Kejetia nake zuwa ya ba ni tsohuwar roba, in yanka, in naɗa, kafin la'asar tsohuwa ta sha kokonta da kanta.

Aikin farko da aka ba ni, ban taɓa kowa ba. Shara na shigo yi a asibiti, sai wata tsohuwar ma'aikaciya, Maame Afua, 'yar Asante ce amma Hausarta ta fi ta wasunku, ta ɗauke ni in riƙa riƙe mata kaya. Ranar farko ta zaunar da ni gaban wata mata da aka yanke wa hannu, ta ce in kalli yadda take ɗaura zani. Matar ta yi ta fama, zanin yana zamewa, ni kuwa tausayi ya kama ni na miƙe zan kama mata. Maame Afua ta make mini hannu, tas! Ta ce, "Salamatu, wa zai kama mata a gida? Ke za ki bi ta?" Na koma na zauna ina ƙunƙuni. Can matar ta danne gefen zanin da ƙugunta a jikin bango, ta zagayo da ɗaya gefen, ta soke. Maame ta ce, "Me kika gani?" Na ce ta ɗaura. Ta ce, "Bango kika gani. Gobe ki je gidanta ki dubo mini ko a ɗakinta akwai bangon da babu kaya a jikinsa." Shekara uku na yi ina yawon gidajen mutane ina dubo bango da dokin ƙofa da tsayin gado, kafin ta yarda in riƙe hannun mara lafiya.

A wurinta kuma na koyi ƙwallo. Duk wanda ɓarin jikinsa ya shanye, sai mu rataye masa hannun a wuya da ƙyalle, mu danƙa masa ƙwallon roba ya yi ta matsawa. Haka aka koya mata, haka ta koya mini, haka na yi ta yi ban taɓa tambayar dalili ba.

Daga baya na yi ɗan karatu na samu satifiket da lasisi. Lasisin nan kuwa ba a sabunta shi sai ka tara makin kwas. To, sai a tara mu a otal, a kunna mana sanyi har haƙora su riƙa haɗuwa, a haska mana hotuna a bango. Ga wata tsohuwar Baturiya a ɗakin girkinta mai ƙyalli tana koyon shafa man shanu a burodi da hannu ɗaya. Ga masai na zama da ƙarfen dafawa a gefe. Na taɓa ɗaga hannu na tambayi mai koyarwa, wanda suke su arba'in a gida ɗaya a unguwar Akwatialine, masai ɗaya na tsuguno, shi ma sai an tsallake kwata, a ina zan kafa masa ƙarfen? Ya ce tambaya ce mai kyau. Ya wuce hoto na gaba. Tun daga ranar na raina takarda. In je kwas, in sa hannu a rajista, in ci shinkafarsu, in dawo in ci gaba da abin da na sani.

Sai shekarar da abokan aikina uku suka samu aiki a ƙasashen waje suka tafi a jere, aka bar ni ni kaɗai da layin mutane har bakin ƙofa. A tsakiyar wannan aka turo mini Rashida. 'Yar unguwar Asawase ce, na san uwarta. Ta dawo daga jami'a da digiri, da kwamfuta a jaka, da baki. Kome na taɓa sai ta ce, "Anti Sala, ina hujjar?" Hujja! Ni da na fara aikin nan uwarta tana budurwa. Sai in ce mata hujjar tana layi, ta kira na gaba.

Baba Seidu tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana ɗaukar kaya tsakanin Kumasi da Bawku. Ƙato ne, ga murya, ga tsiya. Ciwon ya buge shi a ɓangaren dama. Bakinsa ne ya fara warkewa, matarsa Mma Adiza ta ce ita wannan bai ba ta mamaki ba. Masu fisiyo suka tayar da shi, yana takawa da sanda. Saura hannu. Yatsun sun lanƙwashe ciki, amma in ya dage suna ɗan motsi, wuyan hannun ma yana ɗan ɗagawa.

Na yi abin da na saba, ƙyalle a wuya, ƙwallo a tafi. Rashida kuma ta zaro fom ɗinta mai layuka, ta ce tunda hannun dama ya ƙi, a koya wa na hagu. Ta ba shi cokali a hagu, yana kwasar ɗanyar shinkafa daga kwano zuwa kwano, ko ƙwara ba ya zubarwa. Ta yi alama a gaban layin da aka rubuta mara lafiya yana iya ci da kansa. Ni na ji daɗi, ita ta ji daɗi. Shi kuwa duk makon da ya hau sikeli sai mu ga ya ragu. Rigarsa ta koma kamar ta aro. In na tambayi Mma Adiza ko yana cin abinci, sai ta saci kallonsa ta ce, "Yana taɓawa, alhamdulillahi."

Wata safiya ya sha maganin ciwon sukarinsa cikinsa babu komai, ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Likita ya duba maƙogwaronsa ya ce haɗiya lafiya lau, babu abin da ya hana shi ci. Ya ce ya ba mu wata ɗaya. In bai murmure ba, kwantar da shi zai yi, a zura masa tiyo ta hanci a riƙa ɗura masa abinci. Baba Seidu ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ni ba tankin mota ba ne. Ranar da tiyo ta shiga hancina, ranar ku auno likkafani." Na san irinsu. Ba barazana yake yi ba.

Washegari da azahar na ja Rashida muka tafi gidansa a Akwatialine, ba mu gaya musu za mu zo ba. A ƙofar gidan akwai rumfar kwano da tabarma. Dattawa huɗu sun kewaye tire guda na tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, hannuwa na kai da kawowa, ana musun siyasa. Muka gaishe su muka shige. Ɗakin Baba Seidu shi ne na farko, tagarsa tana kallon rumfar. Yana kwance ya juya fuska bango, ga kwanon tuwonsa a rufe da cokali a kai, ƙuda na bi.

Mma Adiza ta ja ni wajen murhu ta faɗa mini a hankali. Dattawan nan da mijinta, su biyar ne. Tun kafin ta haifi ɗanta na fari suke cin abincin rana tare a rumfar nan, yau gidan wannan ya fitar da tire, gobe gidan wancan. Tun da ciwon ya same shi bai fita wurinsu ba. Koko kawai yake kurɓa da safe, shi ma rabin kofi. In ta ce bari ta ba shi a baki, faɗa ne. Wata huɗu ke nan.

Na shiga na zauna a bakin gado na ce, "Baba, ai malamai sun ce mai lalura ya ci da hagu, babu laifi."

Ya ce, "Salamatu, karatu za ki koya mini? Liman da kansa ya zo ya zauna inda kike ya faɗa mini. Na sani ya halatta. Amma hannun da nake kama ruwa da shi, shi zan tsoma a miyar da su Issaka suke sha? Ko sun yi shiru, ni na san abin da na tsoma."

Rashida ta ce, "To Baba, cokalin fa? Ai ka iya."

"Tuwo da cokali, a gaban maza? Ki haɗo mini da bulumbotin jarirai mana."

Na ce to ya riƙa ci a ɗaki kafin hannun ya samu. Ya juya kunne wajen taga. A waje ana dariya, wani yana cewa a miƙo ruwa. Ya ce, "Ina sawa a baki. Ba ya wucewa."

Wallahi haushi ya cika ni, na rasa wa zan zaga. Shi da taurin kansa, ko mu biyu da muka yi wata huɗu muna yi wa mutum alama a fom yana mutuwa da yunwa? Ni da aka rene ni da duba bangon mutane, ban taka gidan nan ba sai ranar, wai layi ya yi mini yawa.

Kafin mu fito Rashida ta kwance ƙyallen ta zare ƙwallon. Yatsun sun ƙara ƙanƙamewa, farce ya fara shiga tafin hannu, wurin ya yi laushi yana wari. Ta bari sai da muka shiga trotro, motar haya. A nan, a gaban direba da metinsa mai karɓar kuɗi da mata masu kwanduna, ta ce, "Anti Sala, ƙwallon nan fa an daɗe da barinsa. Hannun da ya riga ya dunƙule, dunƙulewa kike ƙara koya masa. Buɗewa yake nema."

Ei! A cikin trotro! Na ce, "Ke Rashida, ni fa na ci tuwon sunanki." Ta ce, "Na sani, Anti. Amma hannun na Baba ne." Wata 'yar Asante a bayanmu ta ce da yarensu, "Asem o!" wato ga magana. Na juya fuskata taga har Kejetia.

Da safe na tarar da takardu a kan teburina, ta buga su da manyan baƙaƙe saboda idona, wannan ya ƙara ba ni haushi. Takardun bincike ne, irin waɗanda nake ninkewa in yi fifita da su. Kwana biyu ban taɓa su ba. Rana ta uku na sa tabarau na zauna. Turancinsu kamar ana tauna tsakuwa. Na yi ta zagaye kalmomi da biro, in kira ta in ce, "Wannan me yake nufi?" ban kalle ta ba. Abin da na fahimta shi ne, hannun da yake da ɗan motsi, in aka rataye shi aka bar wa lafiyayyen komai, jiki mantawa yake yi da shi. Abin da yake taimaka masa shi ne a sa shi ainihin aikin da ake so ya yi, a maimaita, a sake maimaitawa, har a hana lafiyayyen hannun tsoma baki. Ko an faɗi wannan a wani kwas ina gyangyaɗi a cikin sanyi, ban sani ba.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Akwai wata mai ɗinki da na yi wa ƙwallo shekarun baya. Har yau in na ratsa kasuwa sai ta tallabo dunƙulallen hannunta da ɗaya hannun ta gaishe ni, tana sa mini albarka. Ban ce ƙwallona ne ya dunƙule shi ba, Allah ne masani. Amma ban taimake shi ya buɗe ba. Ranar na kwashe ƙwallayen da suke cikin kabad duka na raba wa jikokin maƙwabta. In kuka ji na ce muguwar shekara, wannan nake nufi, tafiyar abokan aikina wasa ce. Zaman Larabar nan da kuke gunaguni a kai, da nake sa kowa ya kawo takarda ɗaya mu karanta tare mu ga yadda za ta zauna a gidan haya, daga nan ya samo asali. Ni na fi ku tsanar zaman, amma ban taɓa fashi ba.

Kada ku yi saurin tafa wa Rashida, ita ma tata tana zuwa. Ta ɗinko wata ƙatuwar safar hannu mai auduga, yadda ta gani a takarda, ta ɗaura wa Baba Seidu a hagu ta ce ya wuni da ita. Ta jera masa karta ya riƙa juyawa da dama, da rigar Turawa mai maɓalli, mutumin da tun da na san shi kaftani yake zurawa ta ka. Bai kai la'asar ba ya cije igiyar da haƙori ya jefo safar tsakar gida. Ya ce, "Ki tambayi mai takardar, shi da wane hannu yake kama ruwa? Ko Adiza za ki tura ta riƙa bina bayan gida?" Kartar kuwa ya ce a fitar masa da kayan caca daga ɗaki kafin liman ya gani.

Rashida ta zauna a dakali kamar za ta yi kuka, wai ya ƙi bin tsari, ita ba za ta iya ba. Na ce, "Ke dai akwai karatu babu ido. Me takardar ta ce safar take yi?" Ta ce hana hagu yin aikin. Na ce, "To wannan bawan Allah wata huɗu ke nan ya hana hagunsa taɓa tuwo, har yana neman halaka. Wace safa ce ta kai wannan? Abin da masu takardarki suke ɗaure mutane don su samu, shi da abinsa ya zo. Ki bar masa hagunsa da butarsa. Mu koya wa dama loma."

Kun taɓa kallon loma? Kullum kuna yi, amma na rantse babu wanda zai faɗa mini yadda ake yi. Ni ma sai da na zauna gaban kwano na ci a hankali, Rashida tana rubutawa. Hannu zai buɗe. Yatsu su nutse su yanko. A mirgina a tafi sau biyu ko uku. Babban yatsa ya yi rami. A dangwala a miya. Wuyan hannu ya juya, gwiwar hannu ta lanƙwashe, sannan babban yatsa ya tura ta baki. Aiki takwas, kuma Baba Seidu ko na farko ba shi da shi.

Muka fara da buɗewa. Ruwan ɗumi a roba, mu miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa tafin a kan cinyarsa. Sai tuwon jiya mai tauri, ya yanka ya ajiye, ya yanka ya ajiye. Rashida ta dage sai an ƙirga kowane yi, ta ce yawan maimaitawa shi ne maganin, kuma a nan ta yi gaskiya. Mma Adiza ba ta rubutu, sai ta ɗauko carbinta, yanka ɗaya ƙwara ɗaya, in carbi ya zagayo ya huta. Safe, hantsi, la'asar. Don kada ya ƙare kafin hannun ya iso, muka tambayi likita ya yarda a riƙa dama masa koko mai kauri da madara da gyaɗa, ya riƙe kofin da hannu biyu. Wannan Baba bai yi musu ba, tunda hannun dama yana ciki.

Zagi kuwa mun sha shi. Ni gandiroba yake ce mini, Rashida kuma rediyo mai jini. Rana ɗaya tuwon ya suɓuce masa sau biyar a jere, ya ture kwanon da ƙafa ya ce mu fitar masa daga ɗaki, kada ya sake ganin ƙafarmu. Muka fito muka zauna a dakali. Can sai muka ji shi daga ciki, "Adiza, a nawa muka tsaya?"

Mako na biyu ya yi rami da babban yatsa, ya ɗaga yana nuna mana kamar ya ci gasa. Mako na uku loma ta kai baki. Sai dai a ɗaki loma biyu yake yi ya ce ya isa, wannan aiki ne ba abinci ba. Sikeli ya tsaya, bai sauka ba, bai hau ba. Likita ya ce tsayawa ba ta ishe shi ba, koko ba zai riƙe ƙato irin wannan ba, ran Litinin zai yanke shawara.

Juma'ar kafin wannan Litinin, fitar da tire ya zagayo kan gidansa. Mma Adiza ba ta taɓa fashi ba, duk watannin nan in ranarsu ta zo tana fitar wa dattawan nasu. Bayan an sauko daga masallaci muka same shi a ɗaki. Na ce, "Baba, yau fa." Ya ce hannun bai nuna ba. Rashida ma ta raɗa mini wai a ƙara masa mako. Na ce mata ba mu da mako, kwana uku gare mu. Ya daɗe yana kallon hannun a kan cinyarsa, yana buɗewa yana rufewa. Sai ya ce a miƙo masa hularsa.

Mata ba sa zama a rumfar, don haka mu uku muka maƙale a bayan labulen zaure muna leƙe, ni da Rashida da Mma Adiza. Ya fita da sandarsa. Dattawan suka ɗago kai. Issaka, wanda ya fi su shekaru, ya matsa masa gefe. Aka zuba masa ruwa ya wanke hannu. Ya yi bismilla.

A nan na gano kuskurenmu. Duk atisayen nan da tuwon jiya muka yi, mai tauri, da miyar gyaɗa mai kauri. Wannan kuwa tuwon zafi ne sabon saukewa, lallausa, ga ayoyo. Ni da shekaruna, ita da digirinta, babu wadda ta tuna da yauƙi.

Ya yanko. Ya mirgina. Ya dangwala, ya ɗago, loma ta zame ta faɗa kan rigarsa ta Juma'a, fara sol. Mma Adiza ta damƙe mini hannu har da farce. Babu wanda ya kalle shi, kowa ya duƙufa a gabansa, suna ci a hankali kamar masu ciwon haƙori. Ya sake yankowa, ƙarama. Hannun yana rawa, miya tana bin gwiwar hannu. Ya sunkuyo da kai ya tare ta a hanya. Ta shiga. Muka ga maƙogwaronsa ya motsa. Rashida tana ƙirga mini a kunne, biyu, uku, har na ce ta yi mini shiru don Allah.

Wajen ta shida ko ta bakwai sai ga muryar Issaka. "Kai Seidu, ci gabanka mana! Wata biyar ba ka nan, ka dawo da halinka na ratse. Naman nan a gabana yake."

"A gabanka? Da sunanka a jiki? Tuwon gidana ne, tsohon banza!"

Rumfar ta kaure da hayaniya, wannan yana ba da shaida, wancan yana rantsuwa. Maganar tiyo daga ranar ta mutu, likita bai sake tayar da ita ba. Amma mu a bayan labule ba mu san haka ba tukuna, muna dai sauraro har muka ji yatsu suna suɗe tire. Sai Baba Seidu ya ɗaga murya.

"Adiza! Wannan ɗan tuwon na wa? A ƙaro!"

Mma Adiza ta ruga ta buɗe tukunya. Babu komai sai ƙanzo. Wata biyar tana auna garin mutum huɗu, hannunta ya saba, ranar ma huɗu ta auna. Ta tsaya da murfi a hannu, hawaye na zuba, tana dariya, sannan ta juyo kanmu.

"Ku kuma likitoci kun tsaya kallona? Mutum yana jin yunwa! Ke Rashida, hura wutar nan. Salamatu, ga gari can, tankaɗe!"

Rashida ta ajiye jakar kwamfutarta a kan turmi ta durƙusa gaban kurfotin gawayi da mafici, ni na jawo rariya, shi kuma yana can waje yana ƙwala kira, wai za a kashe shi da yunwa a gidansa.